Jinya a Bakin Daga: Yadda Ma'aikatan Jinya na Soja Ke Aiki a Ƙasashen Waje

Duk lokacin da aka yi bikin sallamar dakarun Najeriya da za su tafi aikin wanzar da zaman lafiya a wata ƙasa, idon jama'a yakan tsaya ne a kan masu riƙe da bindiga da kuma motoci masu sulke. Sai dai a cikin sahun akwai wasu 'yan tsiraru, maza da mata, waɗanda kayan aikinsu bandeji ne da allura da ledar ƙarin ruwa. Su ne ma'aikatan jinya na soja. Kakinsu iri ɗaya ne da na sauran, haka ma shuɗiyar hular Majalisar Ɗinkin Duniya da ke kansu, amma nauyin da aka ɗora musu na daban ne: su yi iya ƙoƙarinsu don waɗanda aka tafi da su su dawo gida da rai da lafiya.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna girman wannan nauyi. Daga 1948 zuwa yau, sama da ma'aikatan wanzar da zaman lafiya 4,000 ne suka rasu a bakin aiki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗanda rashin lafiya ta kashe sun fi waɗanda aka kashe a hare-hare yawa, haka ma waɗanda suka mutu a haɗurra. Ke nan babban yaƙin da ke tantance adadin waɗanda za su dawo gida ana yin sa ne a tantin asibiti, da madafa, da wurin ajiyar ruwan sha, da bayan motar ɗaukar marasa lafiya. A duk waɗannan wurare, ma'aikacin jinya ne ke tsaye.

Tushen aikin

Jinyar mayaƙa tsohon aiki ne. Littattafan tarihin Musulunci sun ambaci Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni. A tantin nata ne aka kwantar da Sa'ad ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Khandaƙ. A Turai kuwa, an fi danganta aikin da Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a ƙasar Turkiyya ta yau, a watan Nuwamban 1854 tare da mata 38 masu jinya, lokacin Yaƙin Kirimiya. Abin da ta tarar shi ne, cututtukan da ƙazanta da cunkoso ke haifarwa sun fi harsashi cin rayukan sojoji. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya.

'Yan Najeriya ma sun daɗe a wannan fage. A Yaƙin Duniya na Biyu, dubban matasa daga Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a ƙasar Burma, wadda ake kira Myanmar a yau. Daga cikinsu akwai Isaac Fadoyebo, matashi daga yankin Owo, wanda ke aikin taimaka wa masu jinya. A watan Maris na 1944 sojojin Japan suka far wa rukuninsu a gaɓar kogin Kaladan, aka harbe shi, aka bar shi a matsayin wanda ba zai rayu ba. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi tare da wani abokin aikinsa ɗan Saliyo har tsawon watanni, yana ciyar da su. Mai jinya ya koma majiyyaci a hannun baƙon da ba su haɗa harshe ba.

Bayan samun 'yancin kai, mace ta farko da aka ba muƙamin hafsa a rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ma'aikaciyar jinya ce, wato Josephine Tolefe, a 1961. A daidai wannan lokaci dakarun ƙasar suna Kwango, inda aka tura su makonni kaɗan bayan bikin 1 ga Oktoban 1960. Daga nan aka ci gaba: Labanon daga 1978, Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG daga 1990, sai Saliyo, sai Darfur ta ƙasar Sudan daga 2004, sai Mali daga 2013, sai Gambiya a 2017. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiye da aka yi ba tare da ayarin lafiya ba.

Nas ne, kuma soja ne

Hanyoyi biyu ne manya ake bi a kai ga wannan aiki. Ta farko ita ce mutum ya yi karatun jinya a kwaleji ko jami'a, ya samu lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, sannan ya nemi shiga soja ta ƙofar da ake ɗaukar masu digiri da ƙwararru, a ba shi horon soja na wasu watanni, a rataya masa muƙamin hafsa. Ta biyu ita ce ya shiga a matsayin kurtu, daga baya rundunar ta tura shi karatu a makarantunta, kamar kwalejin jinya ta sojan ƙasa da ke Yaba a Legas, ko ta sojan sama da ke Kaduna, ko kwalejin kimiyyar lafiya ta sojan ruwa da ke Offa a jihar Kwara. Ko ta wace ƙofa ya shigo, gogewarsa takan fito ne daga asibitocin soja irin su Asibitin 44 na Kaduna da Asibitin 68 na Yaba, inda ake karɓar sojoji da iyalansu da kuma farar hula.

Wanda ya bi wannan hanya yana ƙarƙashin dokoki biyu a lokaci guda. Dokar soja ta ce ya bi umarnin na gaba da shi, ya fito fareti, ya iya sarrafa bindiga, ya tafi duk inda aka tura shi ba tare da musu ba. Dokar aikin jinya kuma ta ce haƙƙin majiyyaci shi ne gaba da komai, sirrinsa amana ne, kuma ba a duba matsayinsa kafin a taimake shi. A gida, a cikin bariki, dokokin biyu ba safai suke cin karo ba. A ƙasar waje, inda gado ya yi kaɗan kuma masu rauni suka yi yawa, nan ne ake gane wanda ya iya riƙe su duka biyun.

Kafin a hau jirgi

Ba a ɗaukar soja daga bariki kai tsaye a sa shi a jirgi. Dakarun da za su fita sukan yi horon share fage a Cibiyar Wanzar da Zaman Lafiya ta Martin Luther Agwai da ke Jaji a jihar Kaduna, wadda aka sa wa sunan janar ɗin da ya fara jagorantar rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka a Darfur, wato UNAMID. A can ake koyar da su ƙa'idojin buɗe wuta, da kare farar hula, da al'adun ƙasar da za su je, da dokar da ta haramta duk wata mu'amalar lalata da mutanen da aka je karewa.

Aikin ma'aikacin jinya yakan fara tun a wannan mataki, domin da shi ake tantance lafiyar ayarin gaba ɗaya. Ana auna hawan jini da sukari, a duba haƙori da ido da ƙirji, a yi allurar rigakafin shawara da sanƙarau da taifot. Wannan tantancewa tana da muhimmanci ƙwarai, saboda sojan da ya ɓoye ciwon zuciya don kada tafiya ta wuce shi, yana iya yanke jiki ya faɗi a wurin da asibitin da zai iya ceto shi ke da nisan ɗaruruwan kilomita. Nan ne matsin lamba na farko ke zuwa. Abokin aiki zai zo yana roƙon a rufa masa asiri, don ya ƙwallafa rai a kan alawus ɗin tafiyar. Nas ɗin da ya ji kunyar ido ya sa hannu, bai taimaki abokin nasa ba, bai kuma taimaki matarsa da 'ya'yansa ba.

Haka kuma shi ne ke koyar da sauran sojoji taimakon gaggawa, musamman yadda ake ɗaure hannu ko ƙafa da igiyar tsayar da jini. Dalilin hakan zai fito fili idan aka duba yadda aka tsara asibitocin fagen aiki.

Matakan asibiti

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kula da lafiyar dakarunta mataki-mataki. Mataki na ɗaya shi ne ƙaramin asibitin da kowace bataliya ke tafiya da shi. Bisa ƙa'ida yana da likitoci 2 da ma'aikatan jinya ko na agajin gaggawa 6, yana iya duba mutum 20 a rana, ya kwantar da 5 na kwana biyu, kuma dole ya riƙe magungunan da za su kai kwana 60. Sau da yawa a cikin tanti ko kwantena yake, kuma akan raba ma'aikatansa gida biyu don wasu su bi ayarin sintiri. A irin wannan rabuwa, nas yakan kasance shi kaɗai ne mai ilimin lafiya a tsakanin mutum ɗari ko fiye.

Mataki na biyu shi ne wurin da ake fara samun ɗakin tiyata, da ɗakin gwaje-gwaje, da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, da likitan haƙori. Ana sa ran ya yi tiyata 3 zuwa 4 a rana, ya kwantar da mutum 10 zuwa 20 na tsawon mako guda, ya kuma duba masu zuwa su koma har 40. Najeriya ta riƙe irin wannan asibiti a garin El Geneina da ke yammacin Darfur, sannan ta riƙe wani a Timbuktu a ƙarƙashin rundunar MINUSMA ta Mali. Mataki na uku babban asibiti ne mai gado kimanin 50 da likitoci ƙwararru a fannoni daban-daban, kamar wanda Pakistan ta riƙe a Nyala. Mataki na huɗu kuwa yana wajen ƙasar da ake aikin, can ake kai wanda jinyarsa za ta ɗauki lokaci.

Abin lura shi ne, asibitin da Najeriya ta riƙe ba na 'yan Najeriya kaɗai ba ne. Duk wanda ke aiki a yankin a ƙarƙashin tutar Majalisar, daga kowace ƙasa ya fito, nan za a kawo shi. Saboda haka hannun ma'aikaciyar jinya guda ɗaya a Timbuktu yana iya zama abin da sojan wata ƙasa zai riƙa tuna Najeriya da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Tsere da agogo

A ƙarshen 2017 wani janar ɗan ƙasar Brazil mai ritaya, Carlos Alberto dos Santos Cruz, ya miƙa wa Majalisar rahoto kan yawaitar kashe dakarunta, inda ya taɓo har da raunin tsarin ceton masu rauni. Bayan haka aka ƙara jaddada ƙa'idar da ake kira 10-1-2. Ma'anarta ita ce, a tsayar da jini a buɗe hanyar numfashi cikin minti 10 da samun rauni, ƙwararren ma'aikacin lafiya ya karɓi mai raunin cikin sa'a 1, sannan a kai shi teburin tiyata cikin sa'a 2.

Minti goman farko ba na likita ba ne, ba kuma lallai na nas ba ne. Na sojan da ke kusa da mai raunin ne. Idan babbar jijiyar jini ta cinya ta tsinke, mutum yana iya mutuwa cikin 'yan mintuna. Don haka horon da aka bayar a Jaji shi ne ke ceton rai a hanyar hamada, a ranar da mota ta taka nakiya.

Sa'a ta farko kuwa ta ma'aikacin jinya ce. Zai duba ɗaurin, ya nemo jijiya ya sa ƙarin ruwa, ya ba da maganin kashe zafi, ya lulluɓe mai raunin, domin wanda ya zubar da jini da yawa jikinsa yakan yi sanyi ko da a tsakiyar Sahara ne, kuma sanyin yana hana jini daskarewa. Zai rubuta lokacin da aka yi ɗaurin da abin da aka ba shi, don likitan tiyata ya san inda zai ɗora. Idan jirgi mai saukar ungulu ya zo, aikin ya ƙara wuya. Ƙarar injin ba ta barin a ji bugun zuciya ko numfashi, jirgin yana girgiza, sannan iskar da ta maƙale a ƙirjin wanda aka harba tana ƙara kumbura yayin da jirgi ke yin sama.

Cika wannan ƙa'ida a aikace abu ne mai wahala. Darfur ta fi rabin Najeriya girma, kuma a lokacin damina kwaruruka sukan cika su datse hanya. Janar Agwai ya sha kokawa a bainar jama'a kan rashin jiragen sama masu saukar ungulu da rundunarsa ke buƙata. Duk sa'ar da jirgi ya makara, ma'aikacin jinya ne ke cike giɓin da hannunsa da ɗan abin da ke cikin jakarsa.

Rana mafi nauyi ita ce wadda masu rauni suka zo da yawa a lokaci guda. A ranar 29 ga Satumban 2007, cikin watan azumi, 'yan bindiga suka afka wa sansanin Tarayyar Afirka da ke Haskanita a Darfur, suka kashe sojoji 10 a harin, 7 daga cikinsu 'yan Najeriya. A Mali, an kai wa sansanin Timbuktu farmaki a ranar 14 ga Afrilun 2018 da rokoki da motoci masu ɗauke da bam, kuma a watan Janairun 2019 aka kashe sojojin Chadi 10 a Aguelhok. A irin waɗannan ranaku ana tantance masu rauni da launi: ja ga wanda zai mutu idan ba a taɓa shi yanzu ba, rawaya ga wanda zai iya jira kaɗan, kore ga mai iya tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga ya cika ko babu sauran abin da za a iya yi masa. A wannan layi babu kanar babu kurtu. Sajan mai jinya yana iya cewa manjo ya jira, kuma dole manjo ya jira.

Abokin gaban da ba ya harbi

Irin waɗancan ranaku kaɗan ne. Yawancin kwanakin aikin suna tafiya ne a kan abubuwan da ba sa shiga labarai: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙurajen fata, ciwon baya, ciwon haƙori, cizon maciji da harbin kunama, da sojan da zafin rana ya kayar saboda ya yini cikin rigar sulke bai sha isasshen ruwa ba. Sojan Najeriya yakan ɗauka cewa ya saba da sauro tun yana yaro, sai ya yi sakaci da maganin rigakafi da gidan sauro. Aikin nas ne ya bi shi tanti-tanti yana tunatarwa, ko da za a riƙa yi masa kallon mai takura.

Shi ne kuma ke leƙa madafa ya ga yadda ake ajiye nama, ya auna maganin da ake zubawa a tankin ruwa, ya duba inda ake zubar da bahaya da sharar asibiti. Yana kuma lura da firiji, domin jinin da ake ƙara wa masu rauni da allurar rigakafi duka suna buƙatar sanyi mai ƙa'ida dare da rana. Idan janareta ya mutu na wasu sa'o'i a garin da zafi ke haura digiri 45, abin da aka kawo ta jirgi daga nesa ya lalace.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin aiki ne, ya dubi abin da ya faru a Haiti. A watan Oktoban 2010 cutar kwalara ta ɓarke a ƙasar bayan ƙazanta daga wani sansanin dakarun Majalisar da suka zo daga Nepal ta shiga kogin da jama'a ke sha. Kimanin mutum 10,000 suka mutu, dubban ɗaruruwa suka kamu. A watan Disamban 2016 Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi afuwar mutanen Haiti. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan aiki rigakafin yana kare sojan da ya zo da kuma mai gida da aka zo taimakawa.

Amana biyu a wuya ɗaya

Yarjejeniyoyin Geneva na 1949, waɗanda Najeriya ta amince da su, sun ba ma'aikatan lafiya na soja kariya ta musamman. Haramun ne a kai musu hari. An yarda su riƙe ƙaramin makami don kare kansu da majiyyatansu kawai. Idan suka faɗa hannun abokan gaba, ba a ɗaukar su fursunonin yaƙi kamar sauran sojoji. Sai dai kariyar tana tafe da sharaɗi: dole su yi jinyar duk mai rauni ba tare da bambanci ba, kuma tsananin rauni ne kaɗai ke sa a gabatar da wani a kan wani. Wannan yana nufin wanda ya harbi abokinka da safe yana iya kwanciya a gadon asibitinka da yamma, kuma haƙƙinsa ne ka wanke masa rauni kamar yadda za ka yi wa naka.

Matsalar zamanin nan ita ce, ƙungiyoyin da ake fama da su a yankin Sahel ba sa mutunta alamar asibiti. Yawaitar hare-hare a kan asibitoci da motocin ɗaukar marasa lafiya a sassan duniya ce ta sa Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 a watan Mayun 2016, yana Allah wadai da su. Ƙudurin ya tabbatar da doka, amma bai sauya halin mai dasa bam a hanya ba.

Akwai kuma tambayar da ke tsaye a ƙofar sansani kusan kowace rana. An kafa asibitin ne domin ma'aikatan rundunar, amma ga mace an kawo a amalanke tana naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko yaron da ruwan zafi ya ƙona. Ƙa'ida ta yarda a ceci rai a halin gaggawa, kuma rundunoni sukan fita ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira su duba marasa lafiya kyauta. Amma gado 20 ne kawai, kuma dole a bar wasu a buɗe saboda harin da ba a san lokacin zuwansa ba. Mai jinya ne yakan fita ƙofa ya isar da hukuncin da aka yanke, ya dubi idon dangi.

Mata da harshe

A wurare irin su Darfur da arewacin Mali, mace ba za ta yarda namiji baƙo ya duba jikinta ba, balle ta gaya masa an yi mata fyaɗe. Alhali maganin da ke hana kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa sai an fara shan sa cikin sa'a 72 yake aiki. Idan babu macen da za ta buɗe wa ciki, lokacin zai wuce tana ɓoye a ɗaki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa, tun bayan ƙuduri mai lamba 1325 na shekarar 2000, Majalisar ke matsa wa ƙasashe su ƙara yawan mata, har ta sa burin su kai kashi 15 cikin ɗari na dakarun da ake turawa kafin ƙarshen 2028.

Harshe ma magani ne. A Sudan akwai al'ummar Hausawa masu yawa, jikokin waɗanda suka bi hanyar ƙasa zuwa aikin Hajji suka yada zango a can. Ma'aikacin jinya mai jin Hausa yana iya cin karo da tsohuwar da za ta gaya masa inda ke mata ciwo ba tare da tafinta ba. Wanda ya taso a Borno yana jin Larabcin Shuwa zai tarar ya yi kusa da wanda ake yi a Chadi da Darfur. Majiyyacin da aka gaishe shi da harshensa yakan faɗi gaskiyar abin da ke damun sa, ya kuma sha maganin yadda aka ce.

Kuɗi, iyali da dawowa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke biyan soja albashi kai tsaye. Ba haka tsarin yake ba. Majalisar tana biyan gwamnatin ƙasar da ta ba da dakaru ne, dala 1,448 a kan kowane mutum a wata tun daga watan Yulin 2022, ita kuma ƙasar ta biya sojojinta bisa nata tsarin. Jinkiri ko rashin bayani a wannan fanni yana da haɗari. A watan Yulin 2008 wasu sojoji da suka dawo daga Laberiya sun yi zanga-zanga a Akure kan alawus ɗinsu, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, kafin daga baya a sassauta hukuncin.

Wa'adin tafiya a yanzu yakan kai wata 12. A cikinsa akwai Sallah biyu da Kirsimeti da za a yi nesa da gida, akwai haihuwa da rasuwa da za a ji ta waya. Ga ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya ƙanana, tafiyar ba ta yiwuwa sai da goyon bayan miji da kakanni da 'yan uwa. Su ma waɗannan suna cikin aikin, ko da ba a rataya musu lambar yabo ba.

Bayan an sauka a filin jirgi an yi gwajin lafiya an tafi hutu, akwai raunin da na'ura ba ta gani. Wani ba ya iya barci, wani yana firgita idan ƙofa ta buga, wani ya koma mai saurin fushi da iyalinsa. Mai jinya yana cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin shi ne ya wanke gawar abokinsa, shi ne kuma kowa ke kawo wa damuwarsa a sansani, alhali shi ba shi da wanda zai kai wa tasa. A watan Disamban 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2668, wanda ya buƙaci a kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan wanzar da zaman lafiya kafin tafiya, da lokacin aiki, da bayan dawowa. Kaso na ƙarshen nan yana wuyan ƙasar da ta tura su da kuma iyalan da suka tarbe su.

Ribar da ke dawowa gida

An rufe rundunar UNAMID a ƙarshen 2020, ta MINUSMA kuma a ƙarshen 2023, bayan ta yi asarar ma'aikata sama da 300. Amma ilimin da aka samo bai rufe ba. Nas ɗin da ya koyi tsayar da jini a hanyar Timbuktu shi ne yau ke karɓar masu rauni a Maiduguri da Zamfara, ko waɗanda suka yi haɗari a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A lokacin da hukumar kula da aikin jinya ta bayyana a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, waɗannan suna cikin 'yan kaɗan da ke fita waje su dawo da abin da suka koyo.

Ga matashin da ke sha'awar wannan hanya, abin da ake buƙata a bayyane yake: ingantaccen karatun jinya da lasisi, lafiyar jiki, haƙurin bin umarni, da zuciyar da za ta iya jinyar wanda ba ta so. Ga hukumomi kuma, haƙƙin waɗannan bayin Allah shi ne kayan aiki masu inganci, biyan alawus a kan kari, da kulawa bayan sun dawo. A ranar 29 ga Mayun kowace shekara, wadda aka keɓe don tunawa da dakarun wanzar da zaman lafiya, akan karanta sunayen waɗanda suka rasu. Akwai wasu sunayen da yawa da ba su shiga wannan jeri ba, saboda wani ya isa gare su da bandeji a cikin lokaci.